'Yar Maigadi

Ƙarfe ɗaya na dare, janareta na tari a bayan ɗakin bincike.
Kyauta ya wuce gida Barnawa,
ya bar mini makulli da rabin gorar kunun aya.
Na ɗiga yis a kan gilashi,
irin wanda Ishaya mai burodi ke aunowa a Kasuwar Barci
ya cuɗa a ƙullu ya je ya kwanta.
Shi kumburi yake jira.
Ni ƙofa nake kallo.

A tsakiyar ƙwayar akwai ɗaki
inda aka ajiye littafin gado.
Katanga ruɓi biyu, kafofi ɗari da 'yan kai,
ba ƙyaure, ba kwaɗo,
zare ne kawai cunkushe a bakin kowace,
yana rawa, bai taɓa tsayawa ba.

Ƙanana su wuce abinsu, ba mai ce musu kanzil.
Babban furotin kuwa sai da shaida,
'yan haruffa a jikinsa.
Ɗan dako ya karanta, ya goya shi,
ya ratsa zaren
yadda muke ratsa kogin Kaduna da rani,
dutse zuwa dutse, takalmi a hannu.

A ciki wani ɗan mitsitsi na jira, cike da caji.
Ya taɓa mai shigowa: sauke.
Ya taɓa mai fita: ɗauka.
Baki ɗaya, umarni biyu,
kuma ba a taɓa jin an yi cacar baki ba.
Ya raka su waje, cajinsa ya ƙare,
a maido shi ciki a sake cika shi.

Baba Gambo, shekara goma sha tara ka yi
a ƙofar masaƙa a Kakuri.
Jiniya ta busa, dubu su shiga, dubu su fito,
auduga ta shiga, atamfa ta fita.
Ba ka karanta boko,
amma ka san hatimin gaske daga taku goma.
Da injuna suka yi shiru ka ƙara shekara uku
kana gadin ciyawa da tantabaru.
Ran da ka kawo kakinka gida a leda
magana ɗaya ka yi:
ƙofar da ba a wucewa ai bango ce.

Daren nan na ƙara wa yis ɗina zafi da gangan.
Nau'i ne mai raunin ɗan dako.
Furotin da na shafa wa koren haske
ya taru a waje, jingim, kowa da shaidarsa a hannu,
ɗakin tsakiya ya yi duhu.
Na san taron nan.
Na gan shi ina 'yar shekara tara,
maza da katin aiki, tsaye a rana.

Na rage zafin. Na jira.
Sauro ya ci rabonsa a idon sawuna.
Minti arba'in da biyu,
kore ya fara tsiyaya ciki,
ɗigo, ɗigo,
har tsakiya ta kama kamar an kawo wuta a unguwa.

Na rubuta lokacin. Hannuna bai tsaya daidai ba.

Gobe zan biyo da burodin Ishaya mai zafi.
Za ka laluba ledar, tunda idon ya tafi,
ka sake tambayata wane irin aiki ne wannan
da ba ya barin 'ya mace barci.
Gadi ne, Baba.
Ban iya ba tukuna, kallo nake.