Jirgina a Tudu, Gamkalle

Kwana talatin da huɗu ke nan
jirgina na kwance kan haƙarƙari ɗaya
a gaɓar Gamkalle,
kamar raƙumin da aka kayar za a yi wa lalas.

Dutsen da ya huda shi bai fi turmi ba.
Yana can ƙasa da Kollo, ruwa ya lulluɓe shi.
Duwatsun Yawuri na san su da sunayensu,
ubana ya nuna mini su tun ban iya riƙe filafili ba.
Na nan, ba wanda ya haɗa mu gaisawa.

Asuba ina tashi ƙarƙashin tamfol,
injina a gefe, naɗe cikin buhun gari.
Warin majema ke riga ladan zuwa kunnen hancina,
bagaruwa da ɗanyar fata.
Alzuma mai shayi ya ce dala talatin.
Na juya ta zuwa naira a zuci,
sai shayin ya ƙara ɗaci.

Hamani kafinta yana zuwa sa'ad da ya zo.
Gizago a kafaɗa, goro a kunci,
ya ƙwanƙwasa katako, ya kasa kunne
kamar mai zaɓen kankana.
Wanda na ce lafiya lau yake, ya soka masa yatsa,
yatsan ya shige.
Hausarsa gajera ce, Zabarmancina bai kai nan ba,
amma kalma biyu na haddace dole:
kala suba, wato sai gobe.

Na taka har Kasuwar Katako neman maɗaci,
na dawo a bayan amalanken jaki
zaune kan jika arba'in na itace.
Ƙusa kuwa maƙeri ke yanko ta daga tsohuwar ganga,
ɗaya ɗaya, ba ya gaggawa,
shi ba ruwa ke jiransa ba.

Masu wanki sun mai da jirgin igiyar shanya.
Jiya wandon wani jandarma
ya rufe sunan da na biya aka rubuta da shuɗin fenti.
Akuya ta kama inuwar gindinsa.
Wata kaza ta yi ƙwai uku inda nake ajiye tocila,
ban san mai ita ba, na soya biyu.

Nomau, yaron jirgina, ya gaji da zama,
ya bi masu haƙar yashi Harobanda.
Ban riƙe shi ba. Da me?

In rana ta faɗa bayan gada
nakan kira Tasalla.
Ta ce rufin ɗakin baya na yoyo.
Na ce nan ma.
Muka yi dariya har katin ya ƙare.

Akwai karan da na kafa a bakin ruwa
ran da muka jawo shi tudu, mu goma sha tara.
Ran nan ruwa na lasar wuyansa.
Yau taku shida ne tsakaninsu.
Kogi na tattara kayansa zai yi kudu ba ni,
in ya ƙara ja, duwatsu za su fito shan iska,
ni da gida sai wata cikar.

Yau muka danna auduga da man kaɗe a tsagogi,
muka bi da kwalta mai zafi.
Hamani ya miƙo mini bokiti, ya nuna cikin jirgi.
Shekara talatin ina kwarfe masa ruwa,
yau ni ke ɗebowa ina zuba masa.

Muka tsuguna daga waje, muka zuba ido.
Shiru.
Shiru.
Sai ɗigo ɗaya, can kusa da hanci,
ya taru, ya yi nauyi, ya faɗi cikin yashi.

Hamani ya tofar da goro,
ya zana wurin da gawayi.
Ban jira ya buɗe baki ba.
Na ce masa, kala suba.