Ƙarshe Wallahi

A Samaru, a ɗakin da ke bayan gonar gwaji,
fanka ɗaya ke juyi, ɗayar ta yi ritaya tun bara.
Mutum sha bakwai, kwamfuta sha huɗu,
ukun sun raɓu da maƙwabta.

Na ce kowa ya buɗe jakar aikinsa in gani.
Malama Lantana ta yi jim, sannan ta juyo mini allonta:
babi na uku,
babi na uku gyara,
babi na uku ƙarshe,
ƙarshe na biyu,
ƙarshe na gaske,
ƙarshe wallahi.
Aka yi dariya, irin ta wanda ya ga rigarsa a jikin wani.
Na ce, wanne kika kai wa farfesa?
Ta ce, abin da ya kawo ni ke nan.

Baƙin allo, ɗan ɗigo yana ƙiftawa, yana jiran umarni.
Yatsun Shekari sun tsaya a sama kamar zai ɗauki garwashi.
Damina huɗu ya yi yana auna tsayin dawa a Shika,
ya zuba lissafin duka a filashi guda,
filashin ya zame daga aljihu a cikin Keke, wajen Kwangila.
Bai faɗa wa kowa ba sai da aka yi wata.

Na ce ku ɗauke shi littafin uwar adashe:
kowane zubi da ranarsa, da sunan mai zubi,
ba a yage shafi, ba a goge jiya.
Ka gyara layi, ka ɗaure, ka rubuta dalili.
Dalilin ne aikin.
Tanimu ya rubuta "gyara".
Ya sake ɗaurewa, ya rubuta "gyara kuma".
Na ce nan da wata shida wani baƙo zai karanta wannan,
sunansa Tanimu, ya manta komai.
Ka tausaya masa.

Koriyar takarda a bayan allo, ina tafe.
Ja, na maƙale.
Kafin azahar ɗakin ya zama shanyar tattasai.
Aka ɗauke wuta, janareta ya yi tari uku ya kama.

Da muka dawo, Lantana da Shekari sun taɓa layi ɗaya.
Ita ta sa buhu tara, shi ya sa sha ɗaya.
Na'ura ta ƙi shiga shari'ar,
ta jera maganar kowa, ta ja layi a tsakani
kamar kunyar da ke raba gona da gona.
Suka jawo kujeru, suka ciro tsohon littafin awo.
Ashe goma ne.

Da la'asar na ce kowa ya goge aikinsa. Duka.
Har ƙarar fanka sai da ta fito.
Shekari ya ce, Malam, ni maciji ya taɓa sara na.
Na ce na sani, danna.
Ya danna. Fayil ya tafi.
Kalma uku ya rubuta, fayil ya dawo,
ko waƙafi bai ɓata ba.
Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga.

Baba Dantani, mai rufe tagogi, yana tsaye da makullai.
Ya ce, komai yake dawowa da shi?
Na ce, abin da aka ɗaure kaɗai, Baba.
Ya ce, mahaifina ya san irin dawa talatin da sunayensu,
ya san wadda ke jure fari, ya san wadda tsuntsu ke ƙi.
Bakwai na riƙe.
Ya ja taga, hadari na haɗowa ta gabas.

Ina naɗe waya na ga Lantana ta ɗora kibiya kan ƙarshe wallahi.
Na ce yanzu kam kina iya gogewa.
Ta ce, bari dai ya kwana.