Gammo

Ranar da na ba Bobboyi kuɗin injin jirgi
babu alƙalami, babu takarda.
Gindin tsamiya ne, bakin ruwan Lagdo,
hayaƙin banda yana cin idanunmu,
jaka ɗari uku na sefa cikin ledar burodi.
Na ukunmu Malam Sajo ne,
shi kuwa damina biyu ke nan da ƙasa ta rufe masa ido.

Yau ga mu a Garwa,
kan bencin kotu mai gajeriyar ƙafa,
fanka tana juyi kamar mai gyangyaɗi.
Alƙali ya zuba Faransanci, tafinta ya tace mini:
"Kai ka kawo ƙara, kai za ka kawo hujja.
Wanda ya ɗaure kaya shi ke neman gammo.
Wannan da ka kira, zama kawai ya ishe shi."

Na ce, ranka ya daɗe, ai gaskiya ce.
Ya ce, "Gaskiya ba ta da ƙafa a ɗakin nan,
goyo ake kawo ta.
Wa ya goyo maka?"

Na dubi tafin hannuna.
Tabon wuƙa, tabon ƙayar tarwaɗa,
ba wanda ya iya magana a cikinsu.
Tsamiya ba ta amsa sammaci,
ruwa ya gani, amma ruwa ya wuce ƙarƙashin gada tun bara.
Wuyana ya sage.
Ashe mutum yana iya zuwa da gaskiyarsa
ya koma gida da kuɗin mota kawai.

Sai aka waiwayi Bobboyi.
Da ya ce "ban san zancen ba",
da shi ke nan, an naɗe tabarma.
Amma Bobboyi, tun muna yara muna jefa fatsa,
bai taɓa iya barin magana ta kwana a cikinsa ba.
Ya gyara hula, ya bugi ƙirji:
"Ni za a kira macuci?
Ai na biya shi!
Ran Lahadi, kasuwar Pituwa, bayan sallar layya."

Alƙali ya ajiye biro a hankali.
Tafinta ya yi tari, ba don mura ba.
"Wanda ya ce ya biya, ya ce ya karɓa.
Bashi ya tsaya da ƙafarsa, bakinka ya tsayar da shi.
Kaya ya sauka daga kan Gwadabe, ya hau naka.
Wa ya ga biyan? Ina rasit?
Mako uku, ka zo da su."

Na ji wuyana ya miƙe
kamar na sauke kwandon kifi a ƙofar gida.
Na ga nasa ya lanƙwashe.
Shi ma ya dubi tafin hannunsa.

Mota ɗaya muka shiga, don ita kaɗai ta rage a tasha.
Shi a gaba, ni a baya, buhun albasa tsakaninmu.
Ina kallon ƙeyarsa, furfura ta fara yi mata yayyafi.

Ga abin da ban faɗa ba, don ba a tambaye ni ba:
ran Lahadin nan a Pituwa,
bayan rumfar masu gishiri,
ya damƙa mini jaka arba'in, ya ce in yi haƙuri da sauran.
Ba mai gani.
Ko Malam Sajo ba ya nan.

Yanzu zama kawai ya ishe ni.
Shari'a ta ba ni shiru, halal ɗina ne,
in ga dama in riƙe shi har mako ukun su cika.
To me ya sa, tun da muka wuce gada,
nake ta murɗa rawanina a cinya,
ina naɗa shi, ina kwancewa,
yana ta fitowa da siffar gammo?