Igiyar Cindo

A wata Yawuri, ba wadda kuka sani ba,
wadda wata biyu ke fitowa a samanta,
ɗaya fari, ɗaya ja kamar goron da aka tauna,
inda Kwara kan juya da baya sau ɗaya a shekara
ta hau tudu neman abin da ta manta,
can aka haifi Cindo, a gungu, daren juyin ruwa.

Ungozoma ta ƙirga yatsu, ta sake ƙirgawa.
Shida.
Ta ce, wannan hannu ba zai ƙoshi da sana'a ɗaya ba.

Da sassaƙa ya fara.
Jirgin farko da ya fafe daga maɗaci
ya nutse da buhu bakwai na albasar kawunsa Nomau.
Ya sha tsumagiya. Da asuba ya koma ya yi nutso,
ba albasa ya je nema ba,
so yake ya ga ta ina ruwa ya fi shi wayo.

Ya koyi ƙira don ƙusa ta yi masa tsada.
Ya koyi ɗori don guduma ta karya masa yatsa.
Lissafi kuwa, mai ɗori ne ya cuce shi a ciniki.
Damina uku yana tsugune bakin marina
yana tambaya me ya sa zane kan fito kore
sai iska ta taɓa shi ya koma shuɗi.
Marina suka ce, Allah ne. Ya ce, na sani, amma ta yaya?

Ya bi tsofaffin gungu yana rubuta sunayen ruwa,
talatin da ɗaya ya samu,
har da na wanda kan kwanta a sawun dorina.

Amma igiyar ita ce aikinsa.
Ta rama ce, kamu ɗari huɗu,
ƙulli don farin wata, ƙulli biyu don ja,
da ita yake faɗin ranar da kogi zai juya
Sarkawa su janye koma, mata su kwashe shanya.
Shekara goma sha tara bai kuskure ba.
Ta ashirin ruwa ya riga shi da kwana biyu.
Shinkafar matarsa Tumba ta tafi, masussuka guda,
da jirage tara, da jakin wani baƙo.
Yara suka riƙa binsa da tafi har kasuwa.

Bai ce uffan ba.
Ya zauna gindin giginya ya kwance ƙullin duka,
yana da shekara sittin da furfura har gira,
ya sake daga fari.
Ashe jan watan nan rago ne,
yakan yi lattin dare biyu duk shekara ashirin.
Ya ƙulla wannan da jan zare, ya ce, a jira.

Bai jira ba shi.
Zazzaɓi ya ɗauke shi da kaka, yana gyaran wani famfon gora
da har yau ba wanda ya gane bakinsa.

Ni jikarsa ce, Ige. Yatsuna biyar ne,
kifi nake soyawa a bakin tasha.
Bana ce ta ashirin.
Na gaya wa mutane su kwashe shanya tun Laraba,
wasu sun kwashe, wasu sun yi dariya.
Ga ni zaune, igiya a cinya, jan zaren a tsakanin yatsu,
kogi yana tafiya yadda ya saba,
sai dai ganyen da na jefa ɗazu
ya tsaya.