Ga Abarshi, da Ya Buɗe Shagon Babura

Abarshi, an ce ka kama shago
bakin hanyar Ƙoni, daura da mai ƙanƙara,
har an rubuta sunanka da jan fenti.
Allah ya sa albarka.
Kafin ka jera su a ƙofa suna walƙiya,
zauna ka ji ta bakin mai hawa.

Shekara sha ɗaya nake bin rugage
da akwatin allurar dabbobi ɗaure a baya,
yau Barmu, gobe Kalfu, jibi inda Allah ya kai.
Moto uku na binne.
Na huɗun yana ƙofar gida yana tari.

Wani mai shago, ba zan kama sunansa ba,
ya taɓa sayar mini buji a kwali mai kyau,
ya dafa ƙirji, ya ce ɗan asali ne.
Tsakanin tudu da tudu ya mutu,
rana tsaka, ba inuwa, ba layin waya.
Na tura har tafin hannuna ya saɓule,
ƙanƙara ta narke, magani ya lalace,
awakin wata tsohuwa suka yi ta jira.
Jikka ɗaya ya ci a kaina.
Ni kuwa na daina bin ko layinsa.

To ka ji.
In jabu ne, ka ce jabu ne.
Mai dala ɗari ya san abin da ya saya,
ya san iyakar inda zai kai shi.
Talaka ba ya fushi da araha,
rantsuwar ƙarya ce ke ƙona masa rai.

Ka tuna Nomau na Bilbis, Allah ya jiƙansa?
Kunne yake karawa jikin inji,
ya rufe ido kamar mai sauraren huɗuba,
ya ce, waya ce ta sake, malam, tafi abinka.
Ka miƙa kuɗi, ya ce na mene?
Rumfarsa ta buhu ce da kara,
amma har daga Abalak ake ɗoro masa babur a mota.
Ka nemi yaro mai irin kunnen nan,
ka biya shi da kyau, kada ya gudu Libiya.

Kuɗin da ka faɗa wa mai babbar riga
shi za ka faɗa wa ɗan kabu-kabu.
Tawa ƙaramar tukunya ce,
abin da ka dafa da safe, kafin la'asar kowa ya sha.

Takardu kuma, ka ba mu su cif.
Ba na son tsayuwa gaban jandarma
ina lalube a aljihu, ina kiran sunanka.

Ɗiyata Hadiza ta sami aikin koyarwa,
za ta zo zaɓen ƙarami, mai sauƙin tashi.
Yaranka su bar ƙifta ido.
Ta fi su sanin ƙarar sarƙar da ta yi sanyi.
Ka sa ta ɗauki hular kwano ko tana ƙi,
ka ce ni na ce.

Sai benci, don Allah, da randa mai sanyi.
Wanda ya turo moto daga tashar Agadas
ruwa yake so kafin lissafi.
In kuma ka ce gobe, ta zama gobe.
Kada taya ta zo daga Kwatano
sai bayan an yi girbi biyu.

Ban ce ka yi asara ba.
Ci ribarka, halal ce, kana da iyali.
Mu dai mu hau mu tafi da zuciya kwance,
mu dawo da ƙafafunmu a kan feda,
ba a ƙasa ba.

Asabar zan turo maka mai tarin nan.
Albashi bai fito ba tukuna.
Ka tanadi littafi, ka buɗe shafin farko,
ni zan fara shiga.