Yadin da Aka Kai Dasa

Yadi goma sha biyu suka kawo mini,
shuɗi, irin na sama in ruwa ya ɗauke,
kowane taƙi biyu fuskar mace,
kai a sunkuye, tafukan hannu a buɗe.
Madam Filomen ta ce, "Asumana,
riga huɗu, wando biyu, zane da kallabi,
amma kada almakashinka ya taɓa mata ido."

Shekara talatin ina yanka a Tawa.
Na yanka shadda, na yanka kakin jandarma,
ban taɓa kewaye irin na ran nan ba.
Almakashi ya bi gefen mayafinta
kamar mai amalanke yana kauce wa kwata.
Aljihu ya karkace, na bar shi a karkace.
Nana Maryama ce, mu ma mun san ta,
ko da ba ma sa ta a tufa.

Malam Siriyak, katikis na mishon,
shekara sha tara da baro ƙasarsu.
Hausarsa ta nuna, amma har gobe
in ya ce ƙofa, kofa kake ji.
Shi ke kaɗa ƙararrawa in Fada ya yi ƙauye,
shi ke raka mamatansu bayan gari.
Damina uku suna cika gwangwanin madara,
dala kan dala, har jika ta haifi jika.

Laraba, ina dawowa daga asuba, suka fito,
su huɗu, ɗinkina yana tafe a jikinsu.
Kilotil da buhun cuku na guzuri,
Anise a bayan ubansa,
ƙafar hagu tana reto,
siririya kamar karan da bai sha ruwa ba.
Shekararsa tara. Dominsa ake tafiyar.
Duk layinmu an sani, ba wanda ya furta.

Siriyak ya danƙa mini makulli:
akuya biyu, zogale, da kare mai rowar haushi.
Ya lissafa mini hanya da yatsa,
Ƙonni, Doso, Gaya, a haye gada,
Paraku, sannan Dasa,
inda ya ce akwai kogo a gindin dutse
da jama'a kamar ranar kasuwa bakwai a haɗe.
Na ce, "A sa mu a addu'a."
Bakina ne ya riga ni, ban janye ba.

Kwana sha ɗaya ina ba zogale ruwa.
Ƙyallen da ya rage ban zubar ba,
akwai rabin hannunta a jiki.
Na ninke, na sa ƙarƙashin keke,
wurin da nake ajiye rasit da allurar zare biyu.
Lahadi wani yaro ya kaɗa ƙararrawa,
bai iya ba, ya yi ta kamar gobara.

Sun dawo da dare, motar ta sha laka.
Shuɗin ya koɗe, gwiwoyi sun yi ja,
an durƙusa da ɗinkina a ƙasar da ban sani ba.
Na leƙa bayan Siriyak kafin in gaishe shi.
Anise na nan a goye.
Ƙafar na reto.

Filomen ba ta sunkuyar da kai ba.
Ta ba ni garin rogo, abarba ɗaya,
da ruwa a 'yar kwalba mai shuɗin murfi.
Ta ce, "Mun kira sunanka a can.
Yaron ne ya tuna, a kan dutse,
ya ce kar a manta da tela."

Da safe ya zo da sandarsa, shi kaɗai,
wandon a kafaɗa, yana ba ni labarin
wani kogi mai faɗin da ido ba ya ƙurewa
da tsohuwar da ta hau dutsen da gwiwa.
Ya ce wandon ya ɗage masa.
Na gwada. Gaskiyarsa.
Na warware kalmasa, na saki yatsa biyu,
ƙafar dama, da ta hagu,
daidai wa daida.