Lemo Ba Ya Kuka

Da lemo muka fara.
Malama Asabe ta ce, ku riƙe shi kamar cinyar jariri.
Na soka allura, ko motsi bai yi ba.

A adaidaita, daga Kurna zuwa Gyaɗi-gyaɗi,
ina bitar ƙasusuwan hannuna,
ashirin da bakwai,
direba ya zaci tasbihi nake.

Jarrabawa saura kwana tara,
amma unguwa tuni ta yaye ni.
Jiya tsakar dare Iya Tabawa ta buga ƙofa,
jikanta a kafaɗa, jiki kamar garwashi.

Na ce, Iya, ni lemo na sani.
Ta ce, to taɓa shi.

Na taɓa.
Na ƙirga numfashinsa, sittin,
na ruga ba takalmi
na taso Ɗanlami mai mota.